Shaihu Umar: Mai Littafi da Mai Fim Duk Sun Riga Mu

'Yan'uwa mazauna Sabo a Ibadan, duk wanda ya yi karatun Hausa a makarantar boko ya san littafin Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana saurayi ɗan kimanin shekara 21, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta fito mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa, aka ƙetare Sahara da shi. Uwar ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba ta sa shi a ido ba sai da ajalinta ya gabato. Mu da kakanninmu suka baro Arewa bin goro da shanu, aka kafa musu unguwar nan a 1916, ba baƙon labari ba ne a wurinmu.

Tafawa Ɓalewa, malamin makarantar nan na Bauchi, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi mulkin kai a 1960. Ranar 15 ga Janairun 1966, cikin dare, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a nan Ibadan. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Tafawa Ɓalewa a gefen hanyar Abeokuta. Shekararsa 53. Ya kwanta yana da aikin da zai yi da safe, kamar yadda ni da kai muke kwanciya.

Shekara goma bayan haka, Adamu Halilu, wanda ya goge wajen shirya finafinan majigi na wayar da kan jama'a, ya mai da littafin fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Daga nan fim ya ɓace, har aka fid da rai. Halilu ya rasu a 2001. Sai a 2016 aka gano faifan a Legas, a tsohon ginin sashen fim na zamanin Turawa, cikin tarin gwangwanaye masu tsatsa. Aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Baƙi suka zauna suna kallon aikinsa, shi kuwa yana shekara ta 17 a kabari.

Mun saba cewa mutum ya tafi aikinsa ya saura, muna samun sanyi a zuci da faɗin haka. To, ga aikin Firayim Minista da na babban daraktan ƙasa, saura ƙiris laima da tsatsa su cinye shi, a Legas, garin da mota daga nan ke kaiwa kafin azahar. Ina ga namu? Wannan shi ke hana ni sakewa. Guzurin lahira kowa ya san nasa, amma amanar waɗanda suka riga mu tana wuyan masu rai.

Abner Cohen, Bayahude haifaffen Bagadaza, ya zo ya yi bincike a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya rubuta yadda masu gida da dillalai ke tafiyar da cinikin goro da shanu bisa amana. Littafin ya fito a 1969, shi ma ya mutu a 2001. Dattawan da ya zanta da su kusan duk an sallace su, kuma abin da ya rage na maganarsu yana cikin Turanci, jikokinsu kaɗan ne suka taɓa buɗe shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Wanda yake da tsoho a gida, ya zauna da shi a makon nan bayan la'asar, ya kunna wayarsa, ya ce: Baba, wane maigida ne ya fara saukar da kai a Sabo, kuma yaya kuke ɗaure huhun goro zuwa Kano a jirgin ƙasa?