Allon Zamani da Amanar Malamin Harshe

Tun daga 2010 da kamfanin Apple ya fito da iPad, wato ƙaramar kwamfutar nan mai kama da allo wadda ake latsawa da yatsa, ake ta kai-kawo a kan shigar da irinta ajin koyar da harshe. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara wa maganar ƙarfi, har ta kai duk malamin jami'ar da bai rungumi allon zamani ba ana yi masa kallon ɗan jiya. To, abin tambaya a nan shi ne, idan ɗalibi ya fito da digirin Hausa bai iya rubuta ta daidai ba, alhakin yana wuyan wa?

Bari mu fara ba na'urar haƙƙinta. Ƙamusun Bargery na 1934, wanda a da sai ɗalibi ya jira a ɗakin karatu kafin ya kai hannu kansa, yau ga shi a intanet. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Garin zama da garin tuwo, kukar miya da kukan hawaye, ido ba ya raba su, sai kunne. Da allon nan malami zai iya sa ɗalibi ya saurari Basakkwace da Bakano da mutumin Damagaram, ya naɗi tasa muryar ya gwada. Duk wanda ya ƙi wannan, ya ƙi alheri.

Amma mu tuna da allon da muka sani tun muna yara. Almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya biya masa, ya maimaita, malam ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. Itace ne kawai da tawada. Karatun yana tsakanin bakin yaro da kunnen malam. Wannan sauraro shi ne amanar da aka ɗora wa mai koyar da harshe, kuma shi muke tsoron ana saukewa a kan na'ura. Malami ya tura takardun darasi a waya, ɗalibai su tura aiki, kwamfuta ta ba da maki, zango ya ƙare ba wanda ya ji muryar wani. A takarda dai an yi karatu.

Mun san malaman suna da uzuri. Aji ɗaya ɗalibai ɗaruruwa, ga albashin da bai kai wata, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata 8. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai uzurin malami ba ya gyara rubutun ɗalibi.

Mu da ke koyarwa a sakandare, mu ake aiko wa da sakamakon. Matashi ya zo gwajin koyarwa, ya rubuta "baki" yana nufin baƙi, "kasa" yana nufin ƙasa, ya raba "yana" gida biyu, yara su kwafa. Abin takaici, haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna nan cikin wayarsa, ba a taɓa tsare shi a kansu ba ne. Irin su ne gobe za su kawo mana rubutu a tace, su kuma tace na wasu.

Saboda haka muna roƙon sassan Hausa, a sayi allon in da hali, a kuma tuna da ɗan talakan da ko kuɗin data ba shi da su. Amma ko sau biyu a zango, a zaunar da kowane ɗalibi gaban malami ya karanta shafi guda da babbar murya, a yi masa shifta, a duba da jan biro.