Kura da Shan Bugu: Tunani a kan Cinikin Littattafan Waya

Ran nan muna zaune a ɗaki bayan mun tashi daga lacca, sai wani abokina ya zo mini da wata shawara, yana ta zumuɗi. Ya ce ya gano hanyar da za mu sami kuɗin abinci ba tare da jari ba. Watau mu tattara tsofaffin littattafan hikaya na Hausa, mu ɗauki hoton shafukansu da waya, mu buɗe zaure a WhatsApp, duk mai son karatu ya biya ɗan wani abu a saka shi ciki. Na tambaye shi, to, su marubutan fa? Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa aka ƙwace wa wani abu? Littafinsu yana nan a hannunsu." Wannan amsa tasa ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya tuna inda aka fito. A shekarar 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Daga nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan Kamfanin Buga Littattafai na Arewa a 1966. A wancan zamani marubuci ba shi da hanyar kai wa ga mai karatu sai ta ƙofar maɗaba'a, ƙofar kuwa ƙarama ce. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da aka zo ana kira Adabin Kasuwar Kano. Duk da haka sai mutum ya sayi takarda, ya biya mai inji, ya yi dakon littafi zuwa kasuwa, ya jira ɗan kasuwa ya biya shi in ya ga dama.

Yau kuwa duk waɗannan wahalhalu sun faɗi. Mai waya a hannu shi ne marubuci, shi ne maɗaba'a, shi ne kanti. Tun 2007 kamfanin Amazon ya buɗe wa kowa hanyar sa littafinsa a kasuwa, yana ba marubuci kashi 35 ko 70 cikin ɗari na kuɗin, gwargwadon farashin da ya sa. A nan gida kuma 'yan'uwanmu mata sun fi kowa gane wannan dama, suna rubuta labari kashi-kashi, su saki farkonsa kyauta, wanda ya ji daɗi ya biya ya karanta sauran. Wasu suna karanta labarai da murya su ɗora a YouTube, wasu suna gyaran rubutu ko zanen bango a biya su. Lalle waɗannan hanyoyin abinci ne, kuma ba mai ƙin ɗalibi ya nemi na kansa.

To, amma ina matsayin shawarar abokina? Hujjojinsa uku ne, kuma ba na banza ba ne. Na farko, wanda ya saci akuya ya raba mai ita da ita, amma wanda ya kwafi littafi bai rage kome daga rumbun marubuci ba. Na biyu, yawancin littattafan nan sun ɓace daga kasuwa, in ba a yi haka ba gara ce za ta gama da su. Na uku, ilmi ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ɗalibi talaka yana da haƙƙin karatu.

Hujja ta farko ita ce mai ruɗi, domin ta ɗauka cewa takarda ake saye. In muka duba da kyau, wanda ya sayi littafi tun asali abu biyu ya biya: kuɗin takarda da tawada, da kuma kuɗin dararen da wani ya raba yana tunani da rubutu. Abin da na'ura ta yi shi ne ta kawar da na farkon. Na biyun yana nan yadda yake, gama har yanzu babi ɗaya mai kyau yana cin kwanaki. Saboda haka duk kwabon da mai karatu ya bayar yau, kusan dukkansa ladan gumin marubuci ne. Wanda ya tsaya a tsakani ya karɓe shi, gumin wani ya sayar. Abin da Hausawa ke cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Hujja ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma ceto daban, ciniki daban. In da nufin abokina ya ceci littattafan ne, sai ya nemi marubutan ko magadansu, ya ce ga abin da nake so in yi, ga rabonku, ga nawa. Da yawa za su yi murna, domin ba marubucin da ke son aikinsa ya mutu. Dokar ƙasa ma ta yanke iyaka: haƙƙin mallakar littafi yana nan muddin ran marubuci, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, watau ayyukansa suna da kariya har ƙarshen 2051. Amma rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu tun ƙarni na 19, asalinsu na kowa ne. Mai son sana'ar halal ga fili nan: ya juyo irin waɗannan daga ajami zuwa boko, ya yi musu sharhi, ya sayar da aikin hannunsa.

Hujja ta uku kuwa ita ke warware kanta. In ilmi kyauta ne, don me abokina zai karɓi kuɗin shiga zaure?

Kada kuma a ce marubuta na wanke duka. Sauƙin bugu ya zo musu da tasa jarrabawar. Akwai mai karɓar kuɗin mutane ya tsaya a tsakiyar labari ya yi shiru. Akwai mai jan labarin shafi ɗari ya kai ɗari biyar don kuɗi su ci gaba da shigowa, da mai cusa batsa don ya san tana ja. Yanzu har akwai masu sa na'ura ta rubuta su sa sunansu, abin da ya yi yawa har Amazon ta taƙaita wa kowa sababbin littattafai uku a rana a 2023. A da edita ne mai tsaron ƙofa. Tun da an ɗauke shi, ba wanda ya saura ya tsare ƙofar sai zuciyar marubuci. Wanda ke neman a kiyaye masa haƙƙinsa, dole shi ma ya kiyaye amanar wanda ya biya shi.

Akwai kuma gargaɗi ga masu ganin arziki ya zo a sauƙaƙe. Dandalin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen 2023. Wannan ya nuna mana cewa kasuwar da masu karatu suka saba da banza ba ta daɗewa, ko da an rage farashi ƙwarai. Kowane littafi da muka tura wa juna ba izini, muna sare reshen da muke zaune a kai ne, gama mu ne marubutan gobe.

Na koma wa abokina da waɗannan maganganu. Bai yarda da ni duka ba, amma ya amince mu rubuta wa marubuta biyu takarda mu nemi izininsu, mu raba abin da aka samu. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta ɗauki irin wannan aiki, ta yi shi a fili da sunanta, don na baya su ga ana iya cin abinci da adabi ba tare da an ci haƙƙin masu shi ba.