Amanar Mai Saye: Nasiha Kan Cinikin Kayan Ɗaki Na Hannu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta ciniki, Ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya kama gida a ƙasar nan ta Ingila ya san yadda ake fara zama: ɗaki fayau, ba kujera ba gado. Da yawanmu, don gudun bashi mai ruwa, mukan shiga Facebook Marketplace ko Gumtree mu nemi kayan ɗaki na hannu. Wannan abin yabo ne, ba abin kunya ba. Malaman Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka bisa siffar da aka ba ka, idan kuma ya saɓa wa siffar, cinikin bai lizimce ka ba. Duk da haka, gani ya kori ji. Kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, ka duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo, ka kuma nemi tambarin kariya daga gobara a jikin kujerar kushin.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Kullum mai sayarwa ake yi wa wa'azi, mai saye kuwa yana ganin babu abin da ke wuyansa. Ni ma haka na ɗauka, sai da hunturun bara ya koya mini darasi.

Na ga teburin cin abinci da kujeru shida na katako mai nauyi a Birmingham, an sa masa fam 60. Na san ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma a hanya ina ta shirya abin da zan faɗa: ƙafarsa na rawa, fentinsa ya koɗe, don in taya fam 40. Wata dattijuwa Baturiya ce ta buɗe mini ƙofa, gidan cike da kwalaye. Mijinta ya rasu, za ta koma ƙaramin gida. Kafin in buɗe baki, sai ta kifa kujera ɗaya ta nuna mini tsagewar da mijin ya liƙe da gam, wadda ba ta fito a hoto ba, ta ce in rage fam 10 saboda ita.

Jikina ya yi sanyi. Na tuna hadisin Hakimu ɗan Hizamu da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu, idan suka yi gaskiya suka bayyana aibi, ana sanya albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Ku lura, su biyun aka ambata. Ga wadda ba Musulma ba ta cika nata ɓangaren, ni mai salla na zo da ƙarya a shirye. Na biya ta fam 60 cif, na gaya mata teburin ya fi haka. Ta ce ta sani, burinta ya shiga gidan da akwai yara.

Tayi halal ne, neman ragi halal ne. Abin da aka hana shi ne ƙaga wa kaya aibin da babu, ko amfani da ƙuncin mutum a karya masa farashi. Tauye wa mutane kayansu yana cikin abin da Annabi Shu'aibu (AS) ya gargaɗi mutanen Madyana a kansa, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi. An kuma ruwaito cewa an sayo wa sahabi Jariru ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300, da ya ga ya fi haka sai ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, saboda mubaya'ar da ya yi wa Annabi (SAW) a kan nasiha.

Haka nan alkawari. Ka ce "ina zuwa ƙarfe biyar", mutum ya hana wasu kayan, ya zauna jiranka, kai kuwa ka samu mai araha ka yi shiru. Saɓa alkawari yana cikin alamomin munafiki uku. In ka fasa, ka aika saƙo ka ba da haƙuri. Ka tuna sunanka Muhammadu ko A'isha yana nan a saman saƙon, wataƙila kuma kai ne Musulmi na farko da ya taɓa taka ƙofar gidan.

A kan teburin nan 'ya'yana suke cin abinci, a kansa suke bitar haddarsu. Nakan tambayi kaina wace albarka za ta saura a cikinsa da na same shi da ƙarya saboda fam 20.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke shigarwa gidajenmu, Ya sa mu cikin masu sauƙin kai in sun saya da in sun sayar. Allah Ya sa mu dace.