Fasali A Kan Riƙon Ɗan Da Ba Kai Ka Haifa Ba

Da sunan Allah na fara. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mu da sada zumunta, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, marayan da aka riƙa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana muridi, Allah ya datar da ni da kai, wani daga cikin 'yan'uwa ya tambaye ni bayan an tashi daga wazifa, ya ce: Malam, mutumin da ya ɗauki jariri ya rene shi, shin laifi ne ya ɓoye masa asalinsa, alhali tausayi ne ya sa shi? Na amsa masa da abin da ya same ni, ga shi na rubuta domin wanda bai halarta ba.

Wani maƙwabcina ya rasu, matarsa ta bi shi tun ba ta yaye ɗansu ba. Na ɗauki yaron, mai ɗakina ta shayar da shi tare da 'yarmu. Ya yi ƙyanda muka kwana a kansa har Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe baki da kirana Baba. Da ya shekara 7 sai baffansa ya zo daga ƙauyensu yana roƙo a ba shi yaron ya yi Salla a cikin dangi. Sai zuciyata ta tafasa, na ce a raina: ina kuke daren ƙyanda? Na kawo masa uzuri na sallame shi. A wannan dare na zauna wuridi, harshe yana motsi, zuciya ba ta nan. Na bincike ta na ce: ke kin ce don Allah kika yi, to, tafiyar yaro garinsu me za ta rage daga ladan da ke wurin Allah? Ba ta rage komai. Abin da take ragewa shi ne faɗina "nawa ne". A nan na gane nafsu ta ɓoye rabonta a cikin aikin da nake tsammani tsarkakakke ne. Da gari ya waye na kai yaron da ƙafata.

Ka sani, ya ɗan'uwana, babu wanda ya so ɗan riƙo kamar yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya so Zaidu ɗan Harisa. Mahaifinsa da baffansa sun zo Makka domin su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama wurin Annabi. Mutane suka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka a Madina, aka mayar masa da sunan ubansa. So kuwa bai ragu ba, domin shi aka shugabantar a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, a can ya yi shahada, ɗansa Usamatu kuma ya tashi abin ƙauna a gidan Annabi. Wa ya fi Annabi cancanta a jingina masa ɗa? Duk da haka aka hana.

Idan ka ce: ai sanin maraici zai karya masa zuciya. Sai in ce: ya fi sauƙi ya ji daga bakinka yana ƙarami, a hankali, da sunan ubansa da addu'a gare shi, da ya ji daga bakin mai gori ranar faɗa, ko ranar rabon gado. Kuma wanda bai san danginsa ba yana iya neman auren 'yar'uwarsa bai sani ba. Akwai kuma cutar da ake gado, kamar sikila, wadda ɗa yake ɗaukowa daga uwa da uba, likita kuwa yakan tambayi ciwon dangi. Ɓoye nasaba zalunci ne ga jikinsa da addininsa gaba ɗaya.

Tambihi. Riƙo ba ya sa gado, amma kana da ikon yi masa wasiyya har sulusin dukiyarka, ko ka ba shi kyauta ya karɓa kana da rai. Shayarwa a cikin shekara 2 tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa, amma ita ma ba ta sa gado. Idan ubansa ya bar dukiya, ka tsare ta, ka miƙa masa da shaidu idan ya yi hankali. Ya ci a akushi ɗaya da 'ya'yanka, a yi masa allurar rigakafi yadda aka yi musu, a sa shi makaranta tare da su. Kada ka mai da shi ɗan aike su kuwa suna karatu, wannan shi ne riƙon sakainar kashi. Ka kai shi ga danginsa ko da su ba su zo ba, domin zumunta a ƙafa take.

Yaron nan nawa ya girma, yana kirana Baba, yana kuma amsa sunan ubansa. Duk Salla yakan tafi ƙauyensu, kuma har yau nakan ji wani abu a ƙirjina idan ya ɗauki jakarsa, sai in yi istigfari in raka shi bakin ƙofa.

Ya Allah ka tsarkake ayyukanmu daga rabon nafsu, ka jiƙan iyayen marayu, ka haɗa mu da Annabinka a Aljanna. Amin. Tamat bi hamdillahi.