Hukuncin Gandun Daji Da Ladubban Ziyararsa

Maganarmu ta wannan mako a kan gandun daji take, irin na Yankari da ke Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962.

Akwai masu cewa wai keɓe daji al'adar Turawa ce, naman dawa kuwa na wanda ya harbe shi ne. To, wannan kuskure ne babba. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan wuri hima. Manzon Allah da kansa ya keɓe Naƙi'u domin kiwon dawakan Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Haka nan an hana farauta da saran itace a haramin Makka da na Madina. Daga nan malamai suka fahimci cewa shugaba yana da ikon killace fili domin maslahar jama'a, kuma binsa a kan haka wajibi ne.

Farauta halal ce bisa sharuɗɗanta. Amma wanda ya saci jiki ya shiga gandu da dare, ya kashe giwa don haurenta, ya bar gawarta ga ungulu, ya haɗa laifi biyu: saɓa wa hukuma da ɓarna a bayan ƙasa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. Ashe wanda ya ƙarar da giwayen Yankari, al'umma guda ya shafe.

Kai kuma mai zuwa buɗe ido, gyara niyyarka. In ka ga ɓauna da gwanki sun taru a bakin kogin Gaji da rani, tuna Wanda yake ciyar da su ba tare da rumbu ba. In ka shiga ruwan ɗumi na Wikki, suturta al'aurarka. Kada ka jefi biri, kada ka yar da wuta a ciyawa, kada kallo ya shagaltar da kai daga salla. An gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare, an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amanar halittunSa, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.