Yaushe Baƙunci Yake Ƙarewa?

Kalmar nan "indijin", wadda muka aro daga Turanci, tushenta Latin ne, kuma ma'anarta ta fari ita ce wanda aka haifa a cikin ƙasa. To amma da ta shigo ofisoshinmu sai ta sake riga. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 318, ya jingina zaman mutum ɗan jiha ga iyayensa ko kakanninsa, wato ba ya tambayar inda aka binne cibiyarsa.

Mu ɗauki Dei-Dei, a kan hanyar Kubwa zuwa Zuba. Ga yaro an haife shi a nan, ubansa yana dillancin shanu a kara ko yana sayar da katako. A nan ya yi rarrafe, a nan ya sauke Alƙur'ani. Ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce ya kawo takardar indijin. Dole ya shiga mota ya nufi wata ƙaramar hukuma da bai taɓa kwana a cikinta ba, ya nemi mai unguwar da zai shaidi kakansa. Kalmar da ke nufin haifaffen wuri, ita ce ta mayar da haifaffen wurin baƙo.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a al'adarmu baƙunci yana da wa'adi. Wangarawan da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, da Yarabawan Ayagi, wa yake tambayar jikokinsu takarda? Zama da auratayya da maƙwabtaka suka wanke musu baƙunci. Indijin kuwa ba ta san tsawon zama ba. Shekara ɗari da kwana ɗaya duk ɗaya ne a wurinta.

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci, domin mu da muke kuka da kalmar a Abuja, da ita muke tare ƙofa a jihohinmu. Su kuwa Gbagyi da sauran ƙabilun da Doka ta 6 ta 1976 ta tarar a kan gonakinsu, ta miƙa ƙasar dungurungum ga Gwamnatin Tarayya, kalmar nan ce kusan abin da ya rage a hannunsu. Sai a 2023 aka naɗa ɗayansu, Zephaniah Jisalo, minista. Idan muka ce a soke ta, mun ƙwace musu sandar ƙarshe. Idan muka bar ta yadda take, jikan wancan yaro na Dei-Dei ma sai ya shiga mota neman mai unguwa.