Wa Zai Biya Diyya Idan Mota Ba Ta da Direba?

A birnin Phoenix na Amurka, kamfanin Waymo ya fara ɗaukar fasinja a motocin da babu kowa a kujerar direba tun 2020. Irin wannan mota ba ta taka titin Gusau ba tukuna, amma duk wanda ya yi wa fasinjan Tsafe ko Bungudu zancenta, amsar da zai ji kusan ɗaya ce: Allah ya kiyaye. Ana saurin kiran wannan tsoro jahilci, alhali tambaya ce ta fiƙihu mai nauyi. Mai shiga motar haya amanar ransa yake damƙa wa mutum, wanda ya san fuskarsa, 'yan kamasho sun san gidansu, ƙungiyar direbobi ta san lambar motarsa. Idan aka cire mutumin, a wuyan wa amanar ta rataya?

Zamfara ta dawo da shari'ar Musulunci a kotunanta tun Janairun 2000, kuma a shari'a jinin mutum ba ya tafiya a banza. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure abu biyu: diyya ga dangin mamaci, da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Na'ura ba ta da dangin da za su haɗa raƙuma ɗari, ba ta kuma azumi. A Maris ɗin 2018 motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tsallaka titi a Tempe, jihar Arizona. Ba a tuhumi kamfanin da laifi ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a cikin motar don sa ido ita aka gurfanar. Abin da talaka ke gudu ke nan, a yi ɓarna, mai ƙarfi ya zame.

Wani zai ce ai malamai sun ce ɓarnar dabbar da babu mai ita a tare da ita ba ta da ramuwa, don haka motar ma haka take. Wannan ƙiyasi bai zauna ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, ta kuma ɗora wa makiyayi ɓarnar da dabbobinsa suka yi wa gona da dare, ko da yana barci. Dabba ma tana da halin kanta. Mota kuwa duk birkin da ta taka ko ta ƙi takawa, mutum ne ya tsara shi, wani ya sake ta a titi yana karɓar kuɗi. Su ne masu kora. Birtaniya ta kai ga kusan wannan matsayi a dokarta ta 2024, inda alhakin tuƙin ya koma kan kamfanin da aka ba lasisi.

Masu cewa na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta gudun wuce sa'a, suna da gaskiya, kuma idan ta tabbata tana rage mutuwa a hanya, kiyaye rai hujja ce babba. Sai dai direban hanyar Tsafe yana karanta abin da kyamara ba ta gani. Idan ya daɗe bai haɗu da mota daga Funtuwa ba, ko wani direba ya ƙyafta masa fitila, yakan faka ya jira, don ya san hanya ba lafiya. Wannan sani ya tserar da rayuka da dama daga 'yan bindiga.

Ya kamata malaman Zamfara da Majalisar Dokokin jiha su fitar da hukunci tun yanzu: kada motar da ba ta da direba ta ɗauki fasinja sai an rubuta sunan wanda zai biya diyya.